Ra'ayinmu: Mai Babur Ya Zare Gejin Baƙin Mai da Hannunsa

 A wannan fili mun saba yi muku maganar gero da dawa da wake, abin da ya tashi da abin da ya sauka. Yau kuwa maganar baƙin man babur za mu yi. Kada wani ya ce mun saki hanya, domin babur ya daɗe da shiga cikin jarin ɗan kasuwa. Shi ke kai dillali ƙauye tun masu mota ba su iso ba, shi ke ɗauko buhu daga bakin gona inda babbar mota ba ta shiga, shi ne kuma ke kai yaron kanti kasuwar Singa ya komo kafin mai saye ya gaji da jira. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu na shekarar 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni na wannan shekara, kuɗin sabon babur da na kayan gyaransa suka yi tashin da kowa ya gani da idonsa. Wanda injinsa ya buga yanzu, ba shiga kanti zai yi ya ɗauko wani ba kamar dā.

Ga abin da muke so mu faɗa, ba kwana-kwana. Duba baƙin mai aikin mai babur ne da hannunsa, kowace safiya kafin ya fita. Abin mamaki ne ƙwarai ka ga mutumin da ba ya yarda a auna masa tiya ɗaya sai ya juya kwanon ya duba ko an bubbuga gindinsa, mutumin da zai zura hannu har tsakiyar buhu don kada a yi masa algus, amma ka tambaye shi ina gejin baƙin mai yake a babur ɗin da ya shekara biyu yana hawa, sai ya ce maka wannan ai sai bakanike. Haba Alhaji! Bakanike yana ganin babur ɗin nan sau ɗaya ne a mako biyu ko a wata, kai kuwa kullum kana bisa kansa.

Dalilin da ya sa muka matsa a kan wannan magana shi ne ƙanƙantar cikin injin. Ƙananan baburan nan da suka cika kasuwanninmu, su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da TVS da Honda, baƙin man da ke cikin injinsu wajen lita 1 ne kacal, irin roba-roba ma bai kai haka ba. Ƙaramar mota kuwa takan ɗauki wajen lita 4. To, mu yi lissafin da muka iya. A ce rubu'in lita ya tsere. A mota kashi 1 ne cikin 16, kamar a ɗebe kwano 2 da rabi daga buhu mai kwano 40, mai kaya zai yi ƙorafi amma buhu yana nan tsaye. A babur kuwa kashi 1 ne cikin 4, watau kwano 10 sun tafi, buhu ya langaɓe. Bugu da ƙari mota tana da jar wuta da ke kamawa a gaban direba in mai ya kasa. Galibin baburan nan ba su da ita. Sanarwar da babur zai yi maka ita ce ƙara, sa'ad da ka ji ƙarar kuwa ɓarna ta riga ta soma.

Wannan 'yar lita ɗin kuma aikin da aka ɗora mata ya fi na man mota yawa. Injin babur ba shi da lagireto, ba ruwan da ke zagaya shi. Iska ce ke sanyaya shi daga waje ta kan haƙarƙarin nan na jikinsa, baƙin mai kuma yana kwashe zafi daga ciki. Man nan dai shi ke shafe fistin da ringi da karanshaf a injin da ke iya juyawa fiye da sau 7,000 a minti ɗaya, shi ke shafe haƙoran giya, a cikinsa kuma kuloci yake jiƙe. A mota giya tana da nata man daban. Sa'an nan a dubi yadda mu muke mora abin. Buhu biyu a baya, wani lokaci da mai buhun zaune a kai, cikin yashi, a giya ɗaya ko biyu, inji yana kuka alhali tafiyar ba ta kai ta kawo iskar da za ta sanyaya shi ba. A bazara, a irin su Sakkwato da Maiduguri inda zafi ke wuce digiri 40, mai yakan tsinke kamar ruwa, kaɗan ya ƙone tare da fetur, kaɗan ya tsattsafo ta inda roba ta gaji. In ya yi ƙasa ainun sai famfon mai ya riƙa zuƙo iska, kan inji ya bushe, fistin ya yi zafi ya kumbura ya liƙe. Shi ne ake cewa inji ya buga, kuma ba ya bugawa a ƙofar gida. A kan hanyar Wudil ran Juma'a yake yi, ko ta Maigatari ran Alhamis, kasuwa tana ci kana tura babur.

Dattawan cikinmu da suka hau Vespa da Suzuki da Yamaha a shekarun 1970 da 1980 sun fi mu kula da mai, domin tilas ce ta koya musu. Waɗancan injuna masu bugu biyu ne, suna ƙone mai tare da fetur. Mai Vespa yakan gauraya shi cikin tanki, wajen kashi 2 cikin 100, mai Yamaha da mai Suzuki kuma suna da ɗan tankin mai daban a gefe. Kowa ya san abin ƙarewa ne, ido yana kansa. Da masu bugu huɗu suka karɓe kasuwa, waɗanda man yake zaune a cikin inji yana zagayawa, sai aka ɗauka an huta. Akwai ma labarin da ya kamata a sani. A 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa biyu wasu ƙasashen Asiya, har da Tailan da Pakistan, su ga yadda ake amfani da babur. Suka tarar ana lafta masa kaya da mutane, ba a yi masa juye sai man ya daskare, ba a kai shi gyara sai ya tsaya. A kan haka aka ƙera CG125, ya fito a 1975, da inji mai jure wulaƙanci. Da yawa daga baburan Sin da muke saye, tsarin wannan inji suka kwaikwaya. Juriyar nan ita ta sangarta mu. Amma a lura fa, an yi shi ne ya jure mai mai datti. Ba a taɓa ƙera injin da zai jure rashin mai ba.

Dubawar kanta ba ta kai ɗaure buhu ɗaya wuya ba, sai dai tana da ƙa'ida, kuma a nan ne da yawa suke kuskure har su gwammace ba su duba ba. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe, a kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ko wani ya riƙe shi tsaye cak. A tayar da shi ya yi minti 3 zuwa 5 yana aiki a hankali, a kashe, a ba shi minti 2 ko 3 man ya sauko ya kwanta. Wannan jira ba asara ba ce, lokacin ɗaure kaya ne. Murfin da ake zuba mai yana gefen dama na inji, ƙasa, kusa da ƙarfen da ake takawa a tayar da babur, gejin kuwa ɗan tsinke ne a jikin murfin. Kafin a buɗe, a goge kewayen murfin, balle a hunturu, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta faɗa ciki ta fi rashin dubawar ɓarna. A zare tsinken, a goge shi da tsumma mai tsabta, a mai da shi ya zauna a bakin ramin, a sake zarewa. Karatu na biyu shi ne na gaskiya. Akwai alama biyu a jikinsa, ta sama da ta ƙasa, man ya kasance tsakaninsu, ya fi kyau kusa da ta sama. Wasu baburan ba tsinke gare su ba, 'yar taga ce ta gilashi a gindin inji mai layi biyu, sai a durƙusa a leƙa.

Abu biyu ke ɓata wannan awo. Na farko, murɗa murfin. A baburan Honda ana aza tsinken ne kawai ba a murɗa shi, haka kuma a da yawa daga masu irin injinsa. Wanda ya murɗa har ƙarshe ya tura tsinken ƙasa fiye da ƙa'ida, sai ya nuna masa mai ya cika alhali da saura. Littafin da ke zuwa da sabon babur ya faɗi yadda ake yi wa kowanne, in ba a naɗe ƙosai da shi ba. Na biyu, ƙafar gefe. Babur in ya jingina a kanta hagu yake karkata, man ya gudu can, geji kuwa yana dama. Sai mutum ya zare ya ga tsinke a bushe, hankalinsa ya tashi, ya juye rabin kwalba. Wanda ya taɓa auna man gyaɗa a karkataccen kwano ya san abin da muke nufi.

Cikawa fiye da kima ita ma cuta ce, ko da yake wasu sun ɗauke ta alheri, wai a ƙara masa ya ji daɗi. In mai ya yi yawa karanshaf yakan riƙa kaɗa shi har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe. Yakan matsa robobin da ke tare mai su soma yoyo, ya bi bututun numfashin inji ya jiƙa matatar iska, ya ɓata fulogi. Saboda haka in za a ƙara, a zuba kaɗan, a jira, a auna, a sake zubawa in da bukata. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai bai sani ba, domin ido ba ya ganin cikin inji.

Tsinken nan ba yawan mai kaɗai yake faɗa ba. Baƙi shi kaɗai ba laifi ba ne, mai yakan yi duhu bayan 'yan kwanaki domin yana kwasar dattin inji. Amma a murza shi tsakanin yatsu biyu. In an ji tsakuwa-tsakuwa, ƙura tana shiga, a duba matatar iska. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, abin da ke faruwa da damina ga masu ƙetare rafi zuwa kasuwannin ƙauye, kuma juye yake so ran nan, ba jibi ba. In yana warin fetur, ya tsinke, har ma geji ya nuna ya ƙaru ba wanda ya zuba, to kafireta ce ke tsiyayar da fetur cikin inji, kada mai shi ya yi murna wai babur ɗinsa yana haihuwar mai. In kuwa an ɗaga tsinken a rana aka ga ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe, inji yana cin kansa, a nufi gareji tun yana tafiya da ƙafarsa. Wanda ke dubawa kullum shi ne kaɗai zai gane cewa dā sai ya yi mako uku bai ƙara ba, yanzu duk kwana huɗu sai ya ƙara. Wannan sani shi ke sa a canja ringi da kuɗi kaɗan kafin a kai ga sauke inji gaba ɗaya.

Mun san abin da wasu za su ce: mu ai duk mako biyu muna yin juye, me ya kai mu dubawa? Madalla da juye, amma shi yana gyara tsufan mai ne. Injin da ke shan mai ko yake yoyo ba ya jiran ranar juye, yana iya shanye rubu'in nan da muka lissafa tun mako bai cika ba. Har wa yau, wa ya tabbatar maka da abin da aka zuba ran juyen? Ba muna zargin bakanikai ba ne, da yawansu masu amana ne. Amma yaron gareji mai babura biyar a gabansa yana iya zuba wa naka ya kasa, yana iya mantawa bai ɗaure kusar ƙasa sosai ba. Ka tsaya a buɗe robar man a gabanka, ka ga an zuba, ka auna kafin ka biya, gobe da safe kuma ka dubi ƙasa inda babur ya kwana.

Wannan ya kawo mu ga 'yan'uwanmu masu sayar da mai a kwalba a bakin hanya. Ba mu hana kowa neman abincinsa ba, kuma wanda mai ya yanke masa a daji, kowane iri ya samu ya fi babu. Amma man da aka ɗebo daga duro ba suna ba lamba, mai saye ba shi da hanyar sanin ko sabo ne, ko tsohon juye ne aka tace aka sake sayarwa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Nijeriya ta sha kama jabun baƙin mai, har da wanda aka ɗura a robobin manyan kamfanoni. Saboda haka a dubi hatimin murfi, a kuma sayi inda in an cuce ka za ka iya komawa. A karanta lambar kauri da ke jikin robar, irin su 20W-50 ko 10W-30, a bi wadda littafin babur ya ce. A nemi kuma rubutun JASO MA, ma'aunin da Japan ta fito da shi a 1998 domin baburan da kulocinsu ke cikin mai. Wasu mayukan mota an sa musu abin ƙara santsi, a mota alheri ne, a babur kuwa yakan sa kuloci ya riƙa zamewa, ka ja wuta inji yana ihu kaya ba sa gaba. Kowa ya ɗauki kuɗin lita ɗaya ta mai mai kyau ya aza kusa da kuɗin fistin da ringi da bulo da ladan bakanike, ya haɗa da cinikin kwana uku da ya rasa, ba sai mun yi masa wa'azi ba.

Masu ba da babur haya su ma su saurara. In ka ba yaro babur yana kawo maka balas kowace yamma, ka kuma bar masa sayen baƙin mai daga nasa rabon, to ka haɗa shi faɗa da injinka. Duk Nairar da ya ƙi kashewa a mai tasa ce, in inji ya buga kuwa naka ne. Ba sai yaron ya zama mugu ba, lissafin ne ya karkata. Mu a ganinmu mai babur ya riƙe sayen mai a hannunsa ko da zai ɗaga balas kaɗan, yaro kuma ya kawo babur ɗin kansa, ba kuɗin kaɗai ba, a zare geji a gabansa.

Saura ku dillalan babura, kuma da ku muka fi so mu yi magana. An san dabarun da ake yi wa tsohon babur kafin ya shigo kasuwa. A zuba masa mai mai kauri ainun don ya danne ƙarar inji ya rage hayaƙi. A tayar da shi ya yi zafi kafin mai saye ya iso, domin injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona asirin kansa. A wanke gindin inji tas da fetur, kada a ga inda yake tsattsafowa. Mai saye ya zagaya sau ɗaya, ya ji lafiya lau, ya biya, bayan mako guda ya komo yana neman dillali. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma ba mai babur ɗin ake zagi ba, shi ya karɓi kuɗinsa ya koma garinsu. Dillali ne ke zaune a rumfa kullum. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, la'adar da kuke karɓa kuwa ladan ido ce, domin wanda ya zo saye ya dogara ne da abin da kuka gani.

Wani zai ce in an bi wannan rabin baburan da ke kasuwa ba za su sayu ba. Za su sayu mana, a kan kuɗin da ya dace da su. Babur mai shan mai yana da masu saye, bakanike ma yana nemansa, in dai an gaya masa ya cire kuɗin ringi daga tayinsa. Hatsin bara ma ana sayar da shi a Dawanau, abin da ba a yarda da shi ba shi ne a kira shi na bana.

Saboda haka muna roƙon shugabannin dillalan babura su mai da wannan ƙa'ida a rumfunansu. Kafin a yi maganar kuɗi, mai saye ya ɗora bayan hannunsa a kan inji ya ji a sanyaye yake. Ya zare geji da kansa, ya ga akwai mai, ya murza, ya sansana. In man sabo ne fil, ya tambayi yaushe aka zuba da irin da aka zuba, domin sabon mai a tsohon babur ba ya shaidar kome. Sa'an nan a tayar, shi kuma ya tsaya a bayan salansa. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, gyaran kafireta ne, ba shi da tsada. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. A bar shi ya yi tafiya mai ɗan nisa har inji ya yi zafi sosai, a komo a kafe shi a wuri mai tsabta, a jira 'yan mintoci, a leƙa ƙarƙashinsa, a sake aunawa. Mai babur ɗin da ya ƙi a taɓa murfin mansa, dillali ya gaya wa mai saye haka a gabansa, in ya so ya saya da saninsa.